Matata ta kai ni ƙara a Indiya, abokaina na cewa in gudo gida

Wasiƙar wannan makon daga birnin Hyderabad na ƙasar Indiya ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

“Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kano ne, karatu ya kawo ni Indiya, da na gama na samu aiki a wani kamfanin kwamfuta na zauna. Shekara huɗu ke nan da na auri wata Ba'indiya Musulma, Allah ya ba mu 'ya mace. Rigimarmu ta samo asali ne daga kuɗin da nake tura wa mahaifiyata duk wata. Watanni biyar da suka wuce ta yi yaji, ta tafi da yarinyar. Yanzu ta kai ƙara wurin 'yan sanda wai ina gallaza mata, ina matsa wa iyayenta su saya mini mota. Ta sa sunan ƙanena da ke karatu a birnin Bengaluru, har da na mahaifiyata wadda sau ɗaya ta taɓa zuwa, shi ma ganin likita ya kawo ta. Ta kuma nemi kotu ta yanka mini kuɗin ciyarwa da ya kusa rabin albashina. Kawunta ya ce in ba da rupi miliyan 2 a janye komai. Wallahi ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Abokaina na cewa in tura mata saki uku ta WhatsApp in hau jirgi. Ba na barci, ban gaya wa kowa a gida ba, wani lokaci sai in ji gara mutuwa da wannan tozarci. Mene ne mafita?”

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yaye maka.

Maganarka ta ƙarshe ita ta fi tayar mini da hankali, da ita zan fara. Mutumin da ya daɗe ba ya barci, yana ƙasar da ba tasa ba, yana ɗauke da magana irin wannan shi kaɗai, zuciyarsa za ta riƙa nuna masa cewa duk ƙofofi sun rufe, alhali ba su rufe ba. Ka yi wa Allah, yau ɗin nan ka samu mutum ɗaya mai hankali ka zayyana masa komai, har da wannan tunanin na mutuwa, kada ka rage. In ba ka da wanda za ka iya kallon idonsa ka faɗa, gwamnatin Indiya tana da layin waya na kyauta mai suna Tele-MANAS, lamba 14416, dare da rana ana ɗauka, kuma ana jin Turanci. Ka ga likita kan rashin barcin ma, domin ciwo ne mai magani. In tunanin ya taso maka da ƙarfi cikin dare, kada ka zauna a ɗaki kai kaɗai, ka buga wa ƙanenka ko ka tafi wurin aboki ka kwana.

Na san yadda aka raine mu: namiji ba ya kuka, namiji ba ya kai ƙarar matarsa gaba. Wannan tarbiyya tana da ranarta, amma a nan cutar da kai take yi. A Disambar 2024 wani injiniya a Bengaluru ya kashe kansa, ya bar dogon rubutu kan shari'o'in da ke tsakaninsa da matarsa, Indiya ta ɗauka gaba ɗaya, aka yi ta muhawara a gidajen talabijin. Aka gama muhawarar, shi dai ya tafi, ya bar iyayensa da ƙaramin ɗansa. Rayuwarka amana ce, kuma laifin da ake tuhumarka da shi, ko da an same ka da shi, iyakarsa ɗaurin shekara 3 da tara. Ba a ma kai ga nan ba.

Sai shawarar abokanka. Na yarda suna ƙaunarka, amma shawarar nan ita ce za ta mayar da ƙarar da kake cewa ƙarya ce ta koma laifi na gaske. Kotun Ƙolin Indiya ta soke saki uku a zama ɗaya tun 2017, sannan a 2019 majalisa ta yi doka ta mai da shi laifi. Ko da baki aka furta, ko a takarda, ko ta waya, dokar ta ce sakin bai yiwu ba, kuma mijin na iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3. Wato a idon kotu tana nan matarka, ga kuma saƙon WhatsApp da ka rubuta da hannunka a matsayin shaida. Yau sai ta kawo hujja kafin a kama ka da laifi. Ranar da ka tura saƙon nan kai ka kai mata hujjar.

Guduwa ma haka. Idan an riga an buɗe maka fayil, 'yan sanda na iya sa a aika sunanka filayen jirgin sama, jami'an shige da fice su tare ka a gaban jama'a da jakarka a hannu, kuma daga ranar duk alƙalin da ka nemi beli a gabansa zai ce ai wannan mai niyyar tserewa ne. In ma ka tsallake, an gudu ba a tsira ba: za a fitar da sammacin kama ka, ƙanenka yana Bengaluru da sunansa a cikin takarda, 'yarka kuma za ta tashi da labarin da ɓangare ɗaya kawai ya ba ta.

Bari in gaya maka irin dokar da kake fuskanta, don tsoron abin da mutum bai sani ba ya fi abin kansa girma. Sashe na 498A ne na tsohon kundin laifuffukan Indiya, wanda aka ƙara a 1983. Tun 1 ga Yulin 2024 da aka sauya kundin ya koma sashe na 85 da 86, amma kowa 498A yake cewa har gobe. Ba don a musguna wa maza aka kawo shi ba. A can iyayen amarya ne ke ba ango da danginsa dukiya, kuma a shekarun 1970 zuwa 1980 an yi ta samun amaren da aka ƙona a ɗakin girki saboda kayan da suka zo da su bai gamsar ba, washegari a ce murhun kananzir ne ya fashe. Har yanzu alƙaluman hukuma na nuna mata fiye da 6,000 ke mutuwa duk shekara kan wannan dukiya. Saboda haka aka tsaurara dokar: ɗan sanda na iya kamu ba tare da sammacin kotu ba, beli kuma sai a gaban alƙali.

Gallazawar da sashen ke nufi iri biyu ce. Akwai halin da zai iya tura mace ga kashe kanta ko ya yi wa lafiyarta mummunar illa, ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Akwai kuma takura mata don ita ko danginta su ba da dukiya. Ka ga inda maganar mota ta shigo. Faɗan miji da mata kan kuɗin cefane ba ya shiga sashen, amma da zarar an ce miji ya nemi mota ya shiga. Masu rubuta irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe sun san haka sarai.

Alƙalan ma sun sani. A shari'ar Arnesh Kumar ta 2014, Kotun Ƙoli ta kawo alƙaluman 2012: kusan mutum 200,000 aka kama a ƙarƙashin sashen, wajen kashi ɗaya cikin huɗu mata ne, wato iyaye da 'yan'uwan mazajen, amma waɗanda aka samu da laifi a shari'o'in ba su wuce kashi 15 cikin 100 ba. Wannan ba ya nufin sauran duk ƙarya ne, da yawa sulhu ake yi, wasu matan kuma gajiya suke yi su bari. Amma kotun ta ce ya isa: a laifin da hukuncinsa bai wuce shekara 7 ba, ɗan sanda ba zai kama mutum haka kawai ba, sai ya rubuta dalilin da ya sa kamun ya zama dole, in ba haka ba takardar gayyata zai ba shi. Wanda ya amsa gayyata yana ba da haɗin kai, a ƙa'ida ba a tsare shi. A 2022, a shari'ar Kahkashan Kausar, kotun ta soke tuhumar da aka yi wa dangin miji saboda zargin na jimla ne, ba a faɗi wa ya yi me ba, a ina, yaushe. A Disambar 2024 ta sake yin haka a wata shari'a da ta fito daga jiharku ta Telangana, ta kuma yi gargaɗi kan mayar da sashen makamin ramuwar gayya. Mahaifiyarka da ƙanenka, in yadda ka faɗa ne, hujjarsu ta fi taka ƙarfi.

Don haka gobe da safe abin da ke gabanka lauya ne, wanda ya saba da shari'ar iyali da ta laifuka a kotunan Hyderabad, ba wanda wani ya ce ya san wani ba. Tambayar farko da zai bincika: an buɗe rahoton farko na 'yan sanda da suke kira FIR, wanda da shi bincike ke farawa, ko har yanzu ƙorafi ne a ofishin 'yan sandan mata, inda sukan fara da zaman sasantawa? In an buɗe, akwai belin da ake nema tun kafin kamu, a kotun yanki ko a Babbar Kotu. Da yake kai baƙo ne, ka sa a ranka za a iya cewa ka ajiye fasfo ko ka kawo masu tsaya maka 'yan ƙasa. Ka duba bizarka da rajistarka ta ofishin baƙi yau, kada ko kwana ɗaya ya wuce maka, domin wannan laifi ne daban da ba ruwansa da matarka, kuma shi ya fi saurin kai baƙo gidan yari. Idan zamanka ya rataya ne a kan auren, kamar katin OCI da ake ba mijin 'yar ƙasa, ka sani ana soke shi in auren ya mutu, sai lauya ya duba maka wata hanyar tun da wuri. Ka sanar da ofishin jakadancin Najeriya da ke New Delhi a rubuce. Ba za su tsaya maka a kotu ba, amma in an tsare ka kana da haƙƙin a sanar da su.

Daga nan sai tara takardu, kuma a nan nake so ka kashe ƙarfin da kake kashewa wajen tunani cikin dare. Fasfon Hajiya mai hatimin ranar shiga da ranar fita, da takardun asibitin da ta je. Shaidar makarantar ƙanenka da ta ɗakin kwanansa a Bengaluru. Takardar ɗaurin aurenku mai ɗauke da sadaki, da shaidar ko ka biya. Bayanan banki na duk shekarun auren: haya, asibitin haihuwa, kuɗin da ka tura mata, kuɗin da ka tura Kano. Saƙonninku duka, masu daɗi da marasa daɗi, kada ka goge ko ɗaya, domin gogewa kan zama abin zargi. In kawun nan ya rubuta maganar miliyan 2 a waya, ka adana ta wuri biyu. Zinarenta da kayan da ta zo da su daga gidansu nata ne a doka, riƙe su wata tuhumar ce ta cin amana. A rubuta su ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto, a mayar ta hannun lauya ko a gaban 'yan sanda, a sa hannu an karɓa.

Kuma ka kama bakinka da yatsunka. Kada ka kira ta cikin fushi, kada ka je gidansu kai kaɗai, kada ka hau Facebook kana ba da labari. Zagi ɗaya da ka tura ƙarfe biyun dare, za a buga shi a takarda a karanta a gaban alƙali da rana tsaka.

Yanzu zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi maka daɗi ba. Bakinka kaɗai na ji. Ka ce ba ka taɓa ɗaga mata hannu ba, na kuma karɓa. Amma ka zauna kai da Ubangijinka ka tambayi kanka sauran: tsawa, gori, kwanaki ba magana, ko wata kalma da ka taɓa yi kan abin da iyayenta suka ba ta ko ba su ba ta ba, ko da wasa. Kuɗin da kake tura wa Hajiya, da saninta aka tsara shi tun farko, ko a wayarka ta gani? A wurinmu ɗa ya ciyar da uwarsa ba abin shawara ba ne, kuma ban ce ka daina ba. Sai dai macen da ta auri baƙo, danginta na mata kallon ta yi kasada, kullum tana jin tsoron wata rana zai tattara ya koma ƙasarsu, tana iya ganin kowace rupi da ta tafi Kano a matsayin shirin tafiya. Wannan bai halatta mata ƙazafi ba, ko kaɗan, kuma sa sunan tsohuwar da ta zo jinya zalunci ne. Amma duk abin da ka san ya faru, ka faɗa wa lauyanka tun yanzu. Lauyan da ya fara jin magana daga bakin abokan hamayya a cikin kotu ba ya iya kare ta.

Batun ciyarwa kuwa, ka cire lissafin gida daga kanka. Mu mun saba in idda ta cika nauyin mace ya koma gidansu, na 'ya'ya ya rage wa uba. Indiya ba haka take ba. Tun shari'ar Shah Bano ta 1985 ake ja-in-ja kan wannan, kuma a Yulin 2024, a ƙarar da wani mutumin Telangana ya ɗaukaka, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa Musulmar da aka saka tana iya neman ciyarwa a ƙarƙashin dokar kowa da kowa, sashe na 125 na da, wanda yanzu ya zama 144, muddin ba ta sake aure ba kuma ba ta iya riƙe kanta. Saki ba zai rufe wannan ƙofa ba.

Amma abin da ta nema daban, abin da alƙali zai yanka daban. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Rajnesh da Neha ta 2020, ku biyun sai kowa ya kawo rantsuwa a rubuce kan abin da yake samu, abin da ya mallaka, bashin da ke kansa da waɗanda yake ɗauke da su. In tana aiki ko tana da abin shiga, dole ta bayyana. In ta nemi kuɗi a kotu biyu, misali ta ƙara da dokar cin zarafi a cikin gida ta 2005, ana lissafa na farko a cikin na biyu, ba a tara maka su. Babu wani kaso da doka ta ƙayyade, ko da yake a wata shari'a ta 2017 Kotun Ƙoli ta ga kashi 25 cikin 100 na albashin da ke shiga hannun miji ya dace wa matar, kotuna kuma kan waiwayi wannan. Na yarinya daban ne. Rasiɗan kuɗin Kano su ma suna da amfani a nan, domin sashe na 144 ɗin nan da ya wajabta ciyar da mata shi ne ya wajabta wa ɗa ciyar da iyayen da ba su da hali. Kada ka ɓoye ko rupi ɗaya a rantsuwar, kada kuma ka ajiye aiki don a ce ba ka da shi. Alƙalai sun ga wannan dabara sun gaji, da abin da kake iya samu za su yi maka lissafi. Kuɗin yana farawa ne daga ranar da ta shigar da buƙata, yana taruwa, kuma wanda ya ƙi biya bayan umarni ana iya rufe shi har wata guda kan kowane watan da ya tsallake.

Shawarata, kada ka jira umarnin kotu. Daga wannan watan ka fara tura wani abu tsayayye ta banki, ka rubuta a jiki cewa na ciyar da yarinya ne da mahaifiyarta. Haƙƙi ne da Allah ya ɗora maka ko babu kotu, lauyanka zai nemi a cire shi daga abin da ya taru, kuma alƙali zai ga irin uban da ke gabansa. A lokaci guda ka shigar da buƙatar ganin 'yarka a kotun iyali. Wata biyar a rayuwar ƙaramin yaro ba kaɗan ba ne, kuma kotuna na ba uba ranakun ziyara da kiran bidiyo ko ana tsakiyar shari'a.

Saura miliyan 2 ɗin kawu. Kada ka ba kowa kuɗi a hannu bisa alƙawarin baki. Janye irin wannan ƙara ba a bakin kawu yake ba, ko ita matar ba ta isa ta kashe ta da baki ba, sai da amincewar kotu, kuma tun 2003 Kotun Ƙoli ta yarda Babbar Kotu ta soke tuhumar idan ma'aurata sun yi sulhu na gaskiya. Hanyar ita ce cibiyar sasantawa ta kotu: a zauna, a rubuta yarjejeniya da ta haɗa komai, sadaki, ciyarwa, riƙon yarinya da ziyara, yadda za a rabu in rabuwar ce, da dukkan ƙararraki har na Hajiya da ƙanenka. Biya kuma kashi-kashi ta banki, kaso na ƙarshe ranar da aka soke tuhumar. Ni ban ɗauki sulhu da kuɗi a matsayin faɗuwa ba. Shari'a a Indiya tana cin shekaru, tana cin albashi, tana cin lafiya, kuma mai gaskiya ma yana da damar ya sayi zaman lafiyarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka biya cikin firgici, a makon da ba ka yi barci ba, kafin ka san ƙarfin hujjarka. Farashin da ake faɗa wa mutumin da ke tsoron kamu ba shi ake faɗa wa wanda ya riga ya samu beli ba.

Abu ɗaya ba ka faɗa mini ba: kana son auren har yanzu? In akwai sauran wuri a zuciyarka, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu daga danginka da mai sulhu daga danginta, kuma kotunan Indiya ma suna tambayar ko an yi wannan yunƙuri kafin su amince da saki. Ka nemi dattijo a cikin danginta wanda ba wannan kawun ba, ko limamin da ya ɗaura auren. In kuma zama ya ƙare, a rabu ta hanyar da addini da dokar ƙasar suka yarda da ita, saki ɗaya bayan an gwada sulhu, ko khul'i, ko rabuwa bisa yardar juna, duk a rubuce kuma da sanin lauya.

Gida kuma dole su ji, daga bakinka. Ka fara da babban wanka ko kawunka, shi ya san yadda zai shigar wa Hajiya da maganar. Sunanta na cikin takarda, kada ta shirya komawa ganin likita ba ta sani ba. Kada ta taka Indiya sai lauya ya ce hanya ta yi kyau. Ƙanenka ma ka kira shi yau, ya san cewa in takardar 'yan sanda ta same shi ba zai yi banza da ita ba, ba kuma zai je shi kaɗai ba. In ka ga lauyan, ka sake rubuto mini abin da ya ce game da FIR ɗin da belin, ka kuma gaya mini wa ka samu ka yi magana da shi.